Kundin Aikin Matatun Hanyoyin BGP: Daga Rubutun Hannu Zuwa bgpq4

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An tsayar da shawara a zaman sashen injiniyoyi na safiyar yau cewa za mu daina rubuta matatun hanyoyi, wato jerin rukunan adireshin da aka yarda a karɓa ko a fitar, da hannu a kan rautocinmu na bakin iyaka, na'urorin da ke haɗa mu da sauran intanet, mu koma ga manhajar da za ta riƙa fitar da su daga rajistar da kowane mai adireshi ya yi wa adireshinsa. A wannan kundi za a riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka yanke da kuma dalilin yanke shi, domin duk wanda ya gaji aikin ya tarar da shi a fayyace.

Ga yadda muke a yau. Muna da rautoci biyu masu magana da waje ta hanyar BGP, wato yaren da cibiyoyin intanet ke shelanta wa juna hanyoyin zuwa adireshi da shi, ɗaya ƙirar Juniper, ɗaya ƙirar MikroTik. Muna sayen hanyar fita daga manyan kamfanoni biyu, muna musayar zirga-zirga da wasu kamfanoni a reshen Kano na IXPN, cibiyar musayar intanet ta Najeriya, sannan muna da kwastomomi masu lambar AS ta kansu, wato lambar da ake gane kowace cibiya da ita a BGP, cikinsu har da wata makarantar gaba da sakandare da wani ƙaramin kamfanin intanet wanda shi ma yake da nasa kwastomomin a ƙarƙashinsa. Duk sa'ad da ɗayansu ya samu sabon rukunin adireshi, injiniyansa yakan bugo waya ko ya turo saƙon WhatsApp, wanda ke bakin aiki ya ƙara layi ɗaya a matatar. Ana ƙarawa, ba a ragewa. A jerin da ke kan Juniper akwai layukan kamfanonin da suka daɗe da barin mu, da wasu da babu wanda ya iya tuna mafarinsu.

Abin da ya sa wannan ya wuce batun tsafta shi ne BGP ba ya neman hujja: idan maƙwabci ya shelanta cewa hanyar zuwa wani rukunin adireshi ta wurinsa take, rauta za ta gaskata shi, ta kuma isar wa na gaba, sai dai idan an kafa mata abin da zai hana. Ba sai mun je Pakistan ba, inda a Fabrairun 2008 shelar da kamfanin sadarwar ƙasar ya yi a kan adireshin YouTube ta fice waje ta katse shafin a faɗin duniya na kimanin sa'o'i biyu. A nan gida, ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne mai lamba AS37282 ya saki hanyoyin Google da ya koya a cibiyar musaya ta Legas zuwa ga China Telecom, daga nan suka bazu har ta Rasha, aka shafe kimanin minti 74 zirga-zirgar Google tana bi ta inda bai kamata ba. Kamfanin ya fito ya ce kuskuren saiti ne aka yi yayin wani aikin haɓaka na'urori. Abin lura a wurina shi ne kuskuren ya ratsa ƙofa biyu: matatar fita ta mai shelar ba ta tare shi ba, matatar shiga ta wanda ya karɓa ita ma ba ta tare shi ba. Ƙofofin nan biyu ne muke so mu tsare a namu gidan.

Alhamis, 23 ga Janairu, 2025

An zaɓi manhaja. Dukkan waɗanda muka duba daga wuri ɗaya suke ɗebo bayani, wato rajistocin hanyoyi da ake kira IRR, inda ake rubutu da harshen RPSL wanda takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 2622 ta tsara a 1999. Abubuwa uku ne suka shafe mu a can: rajistar route, wadda ke cewa wane rukunin adireshin IPv4 ne wace lambar AS za ta shelanta, rajistar route6, mai yin haka ga IPv6, da kuma as-set, wato jerin lambobin AS da wani kamfani yake ɗauke da su a bayansa.

IRRToolSet ita ce tsohuwar cikinsu, kuma burinta babba ne, domin tana ƙoƙarin karanta dukkan manufar shigarwa da fitarwa da kamfani ya rubuta a rajistar lambar AS ɗinsa, wato aut-num, ta mayar da ita saitin rauta. Matsalar ita ce kaɗan ne suke kula da waɗannan layuka bayan ranar da suka rubuta su, saboda haka gini a kansu gini ne a kan abin da ba a sabuntawa. IRRPT, wadda aka rubuta da PHP, tana ajiye tarihin canje-canje, amma wannan aiki ne da Git, manhajar ajiye tarihin fayiloli, zai yi mana ba tare da ƙarin kaya ba. Mun tsaya a kan bgpq4, magajiyar bgpq3 da Alexandre Snarskii ya rubuta, wadda Job Snijders yake cikin masu kula da ita. Aiki ɗaya take yi: a ba ta lambar AS ko sunan as-set, ta tuntuɓi sabar IRRd, wadda ke ajiye rajistocin, ta tashar 43, ta warware jerin har ƙarshensa, ta tattaro rukunan adireshin, ta buga su da salon rautar da aka nema. Idan ba a faɗa mata wata saba ba, rr.ntt.net take tambaya. Tana jin yaren Cisco da Juniper da MikroTik da Huawei da Nokia da Arista da BIRD da OpenBGPD, tana kuma iya fitar da JSON, tsarin rubutun da wasu manhajoji ke iya karantawa. Manhajojin da cibiyoyin musaya da yawa ke tafiyar da sabobin hanyoyinsu da su, irin su ARouteServer da IXP Manager, da wannan dangin suke gina nasu matatun, ke nan da mudun da za mu auna kwastomominmu da shi ake auna mu a wasu wurare.

A duk misalan wannan kundi za a yi amfani da lambobin da aka keɓe don rubuce-rubuce, AS64496 zuwa AS64511, ba lambobin kwastomomi na gaskiya ba. Umarnin gwaji na Juniper shi ne:

`bgpq4 -4 -J -z -A -m 24 -l SHIGA-64500 AS64500:AS-KWASTOMOMI`

Alamar `-A` tana dunƙule rukunan da ke maƙwabtaka da juna don jerin ya gajarta, amma ba ta aiki da prefix-list na Juniper na yau da kullum, dole sai an haɗa ta da `-z` ko `-E`. Manhajar da kanta take ƙin aikin ta faɗi dalili. Alamar `-m 24` tana zubar da duk rukunin da ya fi /24, wato adireshi 256, ƙanƙanta, tun da yawancin duniya ba ta karɓar irinsa, kuma a IPv6 iyakar ita ce /48. Ga MikroTik, salon rubuta matata ya canza gaba ɗaya a RouterOS na 7, don haka `-K7` za a yi amfani da shi.

Talata, 4 ga Fabrairu, 2025

Mun jera abubuwa uku gefe da gefe ga kowane kwastoma: abin da bgpq4 ta fitar, abin da ke cikin tsohuwar matatar hannu, da abin da yake shelanta mana a zahiri a wannan lokaci. Ba a taɓa rauta ba tukuna. Sakamakon ya nuna cewa wahalar wannan aiki tana cikin rajistocin, manhajar kuwa abin da ta tarar take kawowa.

Tambaya ta farko ita ce waɗanne rajistoci za a yarda da su. Na hukumomin yankuna biyar, AFRINIC da RIPE da ARIN da APNIC da LACNIC, suna da ƙarfi domin hukumar da ta raba adireshin ita ce take tabbatar da cewa mai rubuta rajistar yana da iko a kansa. RADb, wadda Merit Network ke gudanarwa a Amurka, ta fi kowace shahara, amma tarihinta cike yake da rajistocin da wani kamfani ya rubuta a madadin wani, aka rabu, rajistar ta zauna. Littafin jagorar bgpq4 da kansa yana ba da shawarar a taƙaita ga hukumomin yankuna da RPKI, tsarin da mai adireshi ke sa hannu da shi a kan lambar AS da ya yarda ta shelanta rukuninsa, ta hanyar `-S`. Da muka yi haka, sai rukunan makarantar nan suka ɓace daga jerin kaf.

Dalilin tarihi ne. Shekaru da yawa kamfanonin Afirka suna rubuta rajistar hanyoyinsu a ma'ajiyar RIPE, domin manyan masu sayar da hanyar fita a Turai can suke dubawa. A Satumban 2018 RIPE NCC ta rufe ƙofar sabuwar rajista ga adireshin da ba na yankinta ba, ta kuma kwashe tsofaffin zuwa wani tushe na daban mai suna RIPE-NONAUTH. Rajistar makarantar tana can tun lokacin, babu kwatankwacinta a AFRINIC. Gyaran ba wuya a takarda: su shiga MyAFRINIC, shafin mambobin hukumar yankin Afirka, su rubuta sabuwa. Sai dai mabuɗin asusun da ke da iko a kan adireshin yana hannun wani ma'aikaci da ya bar aiki tuntuni. Da na yi wa shugaban sashen kwamfutarsu bayani, abin da ya ce shi ne, "Injiniya, ai intanet ɗinmu yana aiki lafiya lau, me za a gyara?" Tambayar tana da ma'ana daga inda yake zaune, domin rashin rajista ba ya ciwo sai ranar da wani a sama, cikin manyan masu sayar da hanyar fita, ya fara tacewa da gaske.

Abin da aka yanke: tushen farko shi ne hukumomin yankuna da RPKI. Wanda bai kammala ƙaura ba za a saka shi a fayil ɗin rangwame, inda kowane layi yake ɗauke da sunan wanda ya amince da ranar ƙarewa. Na dage a kan ranar ƙarewar, domin rangwamen da ba shi da wa'adi tsohuwar matatar hannu ce ta dawo da sabon suna.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025

Ƙaramin kamfanin intanet ɗin ya gyara as-set ɗinsa kamar yadda muka roƙa, amma da muka warware shi sai jerin ya fito da dubban rukunan adireshi, alhali abin da yake shelanta mana bai kai ashirin ba. Ashe a cikin mambobin ya saka as-set na wani babban kamfani da yake sayen hanya a wurinsa, bisa zaton cewa ana rubuta duk wanda ake hulɗa da shi ne. As-set yana iya ɗaukar wani as-set a cikinsa, wannan ma ya ɗauki wani, kamar gayyar biki da ka kira mutum ɗaya ya zo da unguwarsu. Matatar da aka gina daga irin wannan jeri tana nan a kan rauta, ana ganinta, amma ta halatta wa kwastoma ya shelanta rabin nahiya, kuma daidai irin yoyon da muke gudu ne za ta bari ya wuce.

Akwai maganin wucin gadi a manhajar: kalmar `EXCEPT` tana cire wani mamba daga warwarewar, `-L` kuma tana iyakance zurfin da za a bi. Mun yi amfani da ta farko har ya gyara, ya kuma gyara a ranar. Daga yanzu sharaɗi ne ga kowane kwastoma ya ba mu as-set mai suna irin na gado, wato wanda ya fara da lambarsa kamar AS64500:AS-KWASTOMOMI, domin suna na sake kamar AS-KANO kowa zai iya buɗe irinsa a wata rajista, manhaja ta ɗauko wanda ba shi ba. Za kuma ya rubuta sunan a shafinsa na PeeringDB, inda cibiyoyi ke wallafa bayanan haɗuwa da su, tare da tushensa.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 2025

An kammala rubuta ƙaramar manhajar da ke kewaye da bgpq4, kuma a nan ne mafi yawan muhawarar ta tsaya. Tsarin shi ne: sau ɗaya a rana ana neman jerin kowane maƙwabci a matsayin JSON, a kwatanta shi da na jiya da ke cikin Git, a kwatanta shi kuma da abin da maƙwabcin yake shelantawa yanzu, sannan a fitar da saitin rauta.

Tambayar da ta ɗauki lokaci ita ce me za a yi idan jerin yau ya bambanta sosai da na jiya. Matatar IRR idan ta lalace a rufe take lalacewa. Idan sabar da muke tambaya ta katse a tsakiyar amsa, ko wani ya goge as-set ɗinsa bisa kuskure, jerin zai fito gajere ko fanko, kuma rautar da aka ɗora wa jeri fanko za ta yanke kwastoman daga duniya cikin daƙiƙoƙi, ba tare da wata waya ta tsinke ba. Wani abokin aiki yana ganin a bar komai ya tafi da kansa, tun da rajistar kwastoma alhakinsa ce. Ni ban yarda ba, domin kwastoman da intanet ɗinsa ya ɗauke da tsakar dare ba AFRINIC zai kira ba, mu zai kira.

An daidaita a kan ƙa'idoji kamar haka. Idan bgpq4 ta fita da kuskure ko jerin ya zo fanko, ana riƙe na jiya, a aika gargaɗi. Idan jerin ya ƙaru ko ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100, ana tsayar da na wannan maƙwabci kaɗai har mutum ya duba. Mafi muhimmanci kuma, idan sabon jerin zai cire rukunin da ake shelantawa a halin yanzu, ba a ɗora shi sai an tuntuɓi mai shi, ko da layi ɗaya ne. Ƙari kaɗan ko cire rukunin da ba a amfani da shi yana wucewa ba tare da sa hannun kowa ba. A Juniper ana ɗorawa da `commit confirmed`, wanda ke mayar da tsohon saiti da kansa idan ba a tabbatar ba cikin mintunan da aka ɗiba. Baya ga wannan duka, kowane zaman BGP yana da iyakar adadin hanyoyin da zai karɓa, kuma akwai matata tsayayya a gaba da ke zubar da adireshin cikin gida na RFC 1918, da 100.64.0.0/10, da lambobin AS na keɓe irin su 64512 zuwa 65534, ko da wata rajista ta ce a karɓa.

Laraba, 12 ga Maris, 2025

An ɗora sababbin matatun shiga a kan Juniper. A al'ada da ƙarfe biyu na dare muke irin wannan aiki, amma a watan azumi mutane ba sa barci a wannan lokaci, zirga-zirga tana sama tun bayan tarawihi har sahur, don haka aka mayar da shi bayan sallar asuba, lokacin da layukan suka fi yin shiru. Kafin tabbatarwa, `show | compare` ya nuna dogon jerin layuka masu alamar ragi a gefen hagu, tsofaffin rukunan da aka tara shekara da shekaru, da 'yan layuka kaɗan masu alamar ƙari. Bayan an sabunta zaman kowane kwastoma, adadin hanyoyin da aka karɓa ya yi daidai da na kafin aikin, in ban da /25 guda ɗaya da wani yake shelantawa wanda dama ba ya wuce rautarmu. MikroTik za ta jira bayan Sallah.

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

MikroTik ta bi sahu a makon jiya ba tare da matsala ba. Yanzu an koma kan RPKI, wanda ke amsa tambaya makamanciyar ta IRR amma da sa hannun lissafi: mai adireshi yana fitar da takardar ROA ta hannun hukumar yankinsa, yana faɗin lambar AS da ta halatta ta fara shelar rukunin da kuma iyakar ƙanƙantarsa. Mun kafa manhajojin tantancewa biyu daga gidaje daban-daban, Routinator ta NLnet Labs da rpki-client ta OpenBSD tare da StayRTR, a kan sabobi biyu da ba layin wuta ɗaya suke ba, domin kada ciwon ɗaya ya kama ɗayar. Ƙa'idar ita ce wadda aka saba: hanyar da ta saɓa wa ROA ana zubar da ita, wadda ba ta da ROA ana karɓa. Tun a 2024 fiye da rabin hanyoyin IPv4 na duniya suke da ROA, saboda haka wannan matata tana aiki har a kan cikakken teburin da muke karɓa daga sama, wanda a 2025 ya doshi hanyoyi miliyan ɗaya, inda matatar IRR ba za ta yiwu ba.

Bambanci biyu ya kamata a rubuta. Na farko, RPKI a buɗe yake lalacewa: idan rauta ta rasa manhajojin tantancewa duka, bayan wa'adin ajiyarta ya ƙare komai yana komawa matsayin wanda ba a san shi ba, a karɓe shi, babu wanda zai yanke, amma kuma babu wanda zai lura sai an sa ido a kan zaman RTR, wato haɗin da ke tsakanin rauta da manhajar tantancewa. Na biyu, shugabanmu ya tambaya ko RPKI zai sa mu ajiye bgpq4. Amsar ita ce a'a, kuma lamarin 2018 ne hujja: hanyoyin Google da suka yoyo suna ɗauke da lambar Google ta asali, AS15169, a matsayin mafari, don haka tantance mafari zai ce musu ingantattu ne. Abin da zai tare su shi ne matatar da ta san cewa wannan kwastoma ba shi da hurumin kawo waɗannan rukunan.

Namu ROA ɗin an fitar da su a MyAFRINIC, kowanne daidai da abin da muke shelantawa, ba tare da sakin iyakar ƙanƙanta ba, bisa shawarar RFC 9319.

Talata, 6 ga Mayu, 2025

An gama ƙofar fita. Ba a gina ta a kan jerin rukunan adireshi kaɗai ba, domin idan layin kwastoma ya faɗi muka koyi rukuninsa ta wani kamfanin sama, jerin zai ce a fitar da shi ga ɗaya kamfanin, mu zama gada tsakanin manya biyu ba da niyya ba. Yanzu kowace hanya ana buga mata alamar community a lokacin shigarta, mai nuna ko tamu ce, ko ta kwastoma, ko ta cibiyar musaya, ko ta sama, kuma nau'i biyun farko ne kaɗai ke fita. Namu as-set ɗin ma an mayar da shi cikin manhajar, ta yadda idan an ƙara kwastoma a fayil ɗinmu ba a ƙara shi a AFRINIC ba, gargaɗi zai fito kafin kamfanonin sama su ƙi hanyoyinsa.

Makarantar ta dawo da ikon asusunta, ta rubuta rajistar route ɗinta, an goge layinta daga fayil ɗin rangwame. Saura layi biyu a ciki, dukansu wa'adinsu ƙarshen watan Yuni. Batun kafa tamu sabar IRRd don rage dogaro da saba ɗaya a ƙetare an ɗage shi, tun da ƙa'idar riƙe jerin jiya ta rage haɗarin, kuma sabar tana buƙatar ƙwaƙwalwa da kulawar da ba mu da su a yanzu. Abin da ke gaba shi ne gwada tsarin RFC 9234, inda ake ayyana matsayin kowane maƙwabci don hana yoyon hanyoyi, a ɗakin gwaji, da tattara takardun neman shiga MANRS, ƙawancen kamfanonin da suka amince da ƙa'idojin tsaron hanyoyi, sannan a rubuta wa masu aikin dare bayanin abin da za su yi idan manhajar ta tsayar da jerin wani kwastoma, wanda za a duba daftarinsa a zaman Litinin mai zuwa.